Daga Legas Zuwa Daji da Jaka a Baya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirya Kaya

Waɗannan su ne tambayoyin da mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago suka fi yi idan sun ƙudiri niyyar tafiyar ƙafa ta kwana biyu zuwa biyar a daji ko kan tsauni, irin wadda mutum ke goya abincinsa da makwancinsa da kansa. Wasu kusa suke nufa, kamar dajin Omo a jihar Ogun ko duwatsun Idanre a Ondo. Wasu kuma sai tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, ko Mambila da gandun dajin Gashaka-Gumti. Kayan ba ɗaya ba ne, kuma za mu riƙa bambancewa.

Ni da zufa ke hana ni barci a Legas, me zan yi da kayan sanyi?

Nan mazaunin Legas ya fi yin kuskure. Legas a bakin teku take, jikinka ya saba da dare mai ɗumi. Amma duk mita 1,000 da ka hau sama, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Chappal Waddi na gandun Gashaka-Gumti, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419. Lissafa da kanka: kusan digiri 16 ke nan ƙasa da abin da ka baro a gida, kafin a zo maganar iska da raɓa. Idan kuma rigarka ta jiƙe da gumi ko ruwan sama, iskar tana zuƙe ɗumin jikinka da sauri, har mutum ya fara karkarwa, hannu ya kasa ɗaure igiyar takalmi, magana ta fara sarƙewa. Wannan ba sanyin wasa ba ne, yana kisa, kuma ba sai da ƙanƙara ba.

A dajin Omo ko na Okomu a jihar Edo kuwa, matsalar damshi ce da ƙwari. Suwaita mara nauyi guda ɗaya ta wadatar saboda asuba.

Nauyin jakar nawa ya kamata ya zama?

Kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka, da ruwa da abinci a ciki. Mai kilo 70, jakarsa kilo 14. Sabon shiga gara ya tsaya ƙasa da haka.

Ga yadda kilo 14 ke ƙarewa tun ba ka ankara ba: jakar kanta kusan kilo 2, rabonka na tanti kilo 1 da ɗoriya, abin barci da shimfiɗa kilo 1 da rabi, tufafi kilo 2, abincin kwana uku kusan kilo 2 da rabi, ruwa lita 2 zuwa 3, kuma kowace lita kilo guda ce cur. Abin da ya rage shi ne na tukunya, tocila, magani da tarkace. Kada ka ƙiyasta da hannu, hannu ƙarya yake yi a cikin ɗaki. Kai jakar wurin mai sikeli a kasuwa ka rataya. Bayan haka ka goya ta ka hau gadar masu ƙafa ka sauko sau goma, ko matakalar bene. Abin da kafaɗarka ta gaya maka a nan shi za ta gaya maka a daji, sai dai a can ba inda za ka ajiye rarar.

Jakar makaranta ko ta kwamfuta ba za ta yi ba?

Ta yini ɗaya za ta yi. Ta kwana, a'a. Ana neman jaka mai cin lita 45 zuwa 60, mai ɗamara mai kauri a ƙugu da ƙarfe ko roba mai tauri a bayanta. Ɗamarar ita ce sirrin: ƙugu ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, kafaɗa riƙo kawai take yi don kada jakar ta faɗi baya. Idan ka goya, fara ɗaure ta ƙugu a kan ƙashin kwankwaso, sannan ka ja na kafaɗa, sannan ƙaramar igiyar ƙirji. Wanda ya fara da kafaɗa zai yini da ciwon wuya.

Idan gwanjo za ka saya a Katangowa ko Yaba, juya cikin jakar waje. In rufin cikin yana danƙo ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, ya daina tare ruwa. Wannan ba ya hana saye, leda za ta maye gurbinsa, amma ka rage kuɗi. Abin da ke hana saye shi ne karyayyen maɓallin ɗamara da ɗinkin da ya fara buɗewa a inda hannun kafaɗa ya haɗu da jiki. Ja kowane zik sau uku.

Tufafi kala nawa, kuma wane yadi?

Kala biyu, ko kwana nawa za ka yi. Ɗaya na tafiya, wanda zai yi datti ya jiƙe kuma shi za ka mayar kowace safiya ko bai gama bushewa ba. Ɗaya na barci, wanda ke cikin leda a ɗaure, ba ya ganin rana sai ka shiga tanti. Mutane na ƙyamar mayar da jiƙaƙƙiyar riga da safe, sai su saka ta barcin, zuwa dare duka biyun sun jiƙe. Daure, minti goma na tafiya za su ɗumama ta.

Auduga tana shan ruwa ta riƙe, kuma a damshin kudu tana iya kwana ba ta bushe ba. Don haka jins, shadda da singiletin auduga su zauna a gida. Rigar ƙwallo irin ta roba, wadda ke cike a kowace kasuwa, ta fi su nesa ba kusa ba: ba nauyi, kuma tana bushewa a jiki. Ka nemi mai dogon hannu. Wando dogo na nailan mara matsewa. Kamfai uku na roba, don na auduga idan ya jiƙe shi ke goge cinya har ta yi ja.

Na tsauni sai ka ƙara abu uku: suwaita mai laushi irin ta roba, rigar ruwa mai hula wadda za ta tare iska, da hular sanyi. Siraran riguna uku da ake ɗorawa ana cirewa sun fi ƙatuwar jaket ɗaya, domin kana hawa za ka cire, kana tsayawa za ka mayar kafin gumin ya huce. Safa ƙafa uku masu kauri, na ulu in an samu, ɗaya na barci kaɗai. Da rawani ko ɗan mayafi siriri: yana tare rana, yana tare ƙurar hunturu, yana tace ruwa, yana zama bandeji.

Launi yana da wani tasiri?

Yana da shi. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, kuma cizonsa na ratsa siririn yadi. Ruwan ƙasa, ruwan toka da kore mai haske sun fi, kuma a kansu kake saurin ganin kaska tana hawa.

Sai babban gargaɗi: kada ka saka ko ka ɗauki komai mai zanen kakin soja, ko wando, ko hula, ko jakar kanta. Doka ta hana farar hula sakawa a Najeriya, kuma tsakanin Legas da duk inda za ka akwai shingayen jami'an tsaro da yawa. Irin waɗannan kaya suna da araha a gwanjo kuma suna da ƙwari, mun sani. Ka bar su a inda ka gan su.

Na ga takalmin hawan dutse na gwanjo kamar sabo, in saya?

Tsaya tukuna, domin “kamar sabo” ɗin shi ne abin tsoro. Da yawa daga cikin waɗannan takalman akwai wani soso tsakanin tafin da jikin takalmin, kuma damshi yana cinye shi a hankali ko da ba a taka shi ba. Takalmin da ya shekara da shekaru a ajiye, sannan ya zauna cikin dila a iskar Legas, samansa na sheƙi amma cikinsa ya zama gari. Sai ka yi awa uku a daji tafin ya saki gaba ɗaya, ya bar ka kana ɗaure shi da igiya.

Gwajin ba wuya. Danna farce a gefen soson: in ya nutse bai dawo ba, ko ya ɓarɓashe, ajiye. Lanƙwasa takalmin da ƙarfi ka duba ko tsaga ta buɗe a gefe. Murɗa shi kamar kana matse wanki. Wanda ya tsallake, kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye tafin da ɗinki, kuɗi kaɗan ne.

Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsun ƙafa, in ba haka ba a gangara farce zai riƙa dukan gaba har ya yi baƙi ya fita. Sannan ka yi mako biyu zuwa uku kana yawo da shi. A dajin kudu, inda za ka tsallaka rafi sau da yawa, kambas mai ƙaƙƙarfan tafi da ke saurin bushewa ya fi ƙaton but da ke riƙe ruwa kamar guga. Ka haɗa da silifa na zama a masauki.

Yaya ake kauce wa bororo?

Bororo gogayya ce da jiƙa. Da zarar ka ji wani wuri ya fara ɗumi a dunduniya ko yatsa, tsaya nan take, ko da abokan tafiya za su yi tsaki. Cire safa, shanya ƙafar, manna filasta mai faɗi. Minti biyar ne. In ka ce sai an isa, kwana uku za ka yi kana ɗingishi. Yanke farce kafin tafiya, kuma a hutun rana ka canza safa ka rataya jiƙaƙƙiyar a bayan jaka.

Mace fa, ta yaya za ta haɗa sutura da sauƙin tafiya?

Hajiya, abin yana yiwuwa sarai. Wando mai faɗi na nailan, da riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, mai tsaga a gefe don taku. Hijabi ya zama na yadi mara nauyi wanda ya tsaya a ƙirji ko ƙugu, ki cusa bayansa ƙarƙashin hannun jaka. Dogon hijabi da abaya suna kama ƙaya, kuma a hawa ƙafa na iya taka bakinsu, faɗuwa kan dutse da kilo 12 a baya ba ƙaramin abu ba ne. Ki ajiye dogon guda ɗaya a leda don salla. Ki guji allurar ɗaurin kallabi, gara mai shiga da kansa. Audugar mata ki ɗauka fiye da lissafinki ko da ba lokacin ba ne, don wahalar tafiya na iya sauya kwanaki, da leda mai zik ta dawo da wadda aka yi amfani da ita. Zani ɗaya kuma yana aiki goma, har da zama labule.

Ta yaya ake jera kayan a ciki?

Fara da zura babbar baƙar leda mai kauri cikin jakar, komai a cikinta zai shiga. A ƙasa, abin da ba ka buƙata sai dare: abin barci da kayan barci. A tsakiya, manne da bayanka, masu nauyi: abinci, tukunya, ruwa. Nauyin da ya yi nisa da baya yana jan mutum baya, wanda ya yi sama da yawa yana sa tangaɗi. Cusa tufafi a ramukan da suka rage don kada komai ya yi motsi. Murɗe bakin ledar ka lanƙwasa. A samanta, rigar ruwa, suwaita da jakar magani. A aljihun sama, tocila, usur, laita da abin taunawa. Jiƙaƙƙen tanti a wajen leda yake zama.

Kada ka rataya kofi, buta da takalmi suna lilo a waje. Suna kama reshe, kuma a tashar Ojota ko Jibowu, kafin a gama cusa jakar a but ɗin mota, rabinsu sun tsinke.

Rigar jaka ta ruwa ba ta isa ba, sai da leda?

Ba ta isa ba. Ruwa na bi ta tsakanin bayanka da jakar. Wanda ya san ruwan Yuni da Yuli a kudu ya san ba yayyafi ake magana ba. Ma fi sauƙi shi ne ka tsara tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da rafuka suka ja baya kuma hanyoyi suka bushe. Ko a lokacin, raɓar tsauni na jiƙa kaya kamar an yi ruwa.

Tanti dole ne, ko tamfol da gidan sauro sun isa?

A dajin kudu da rani, tamfol da gidan sauro suna yi, kuma sun fi iska. Sai dai ka cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin shimfiɗa ko'ina, ka kuma duba ƙasa kafin ka shimfiɗa: in ka ga layin kwarkwasa, matsa nesa, kada ka yi gardama da su. A kan tsauni tanti ake so mai rufi biyu, na ciki raga, na waje mai tare ruwa. Mai rufi ɗaya, numfashinka ne zai taru a jikinsa ya ɗigo maka da asuba. Kafa shi a tsakar gida kafin tafiya, ƙirga turakun, watsa masa ruwa da bokiti ka ga inda yake yoyo.

Shimfiɗar soso ba don laushi ba ce kawai. Ƙasa tana jan ɗumin jiki fiye da iska, kuma bargon da ka danne da nauyinka ba ya tare komai. Don Mambila, nemi buhun barci, wato bargo mai zik da ake shiga ciki, wanda aka rubuta digiri 5 zuwa 10 a jikinsa. Kada ka kafa tanti a busasshen kwarin rafi, ko ƙarƙashin mataccen reshe.

Ruwan sha fa? Ba zan iya ɗaukar na kwana huɗu ba.

Ba wanda ke iyawa. Mai tafiya da kaya a zafi yana shan lita 3 zuwa 4 a yini, ban da girki. Ana ɗaukar lita 2 zuwa 3, a riƙa cikawa a hanya, don haka tambayar farko ga ɗan jagora ita ce ina ruwa yake, kuma akwai shi a wannan watan?

Duk ruwan rafi sai an gyara, komai garai-garai ɗinsa, musamman inda shanu ke kiwo. Tace da ƙyalle, sannan ka tafasa: minti ɗaya yana ɓararraka, in ka haura mita 2,000 minti uku. Ko ka jefa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs bisa adadin da ke jikin takardar, ka jira minti 30. Ruwa mai laka yana rage ƙarfin kulorin, bar shi ya kwanta tukuna. Gorar lemo ta lita ɗaya da rabi ta fi gorar ƙarfe sauƙin nauyi. Ka ware ɗaya ta ɗanyen ruwa ka ɗaura mata zare don kada ta rikice da ta sha.

Wane abinci ne ba ya nauyi kuma ba ya lalacewa?

A nan Bahaushe ba ya buƙatar koyo daga kowa, guzurin fatake tuntuni ya warware matsalar. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, gyaɗa, aya, dakuwa. Ƙara Indomie, madarar gari, sukari, ganyen shayi da ɗan yaji. Lissafin busasshen abinci giram 700 zuwa 900 ne ga mutum ɗaya a yini. Ƙulla na kowace rana a ledarsa, da rarar yini guda. Gwangwani da kwalba nauyin banza ne, kuma kai za ka dawo da su.

Kilishi da ƙuli suna jawo ƙishi, ka ci su inda ruwa yake kusa. Ɗan risho na gas da tukunya ɗaya sun ishi mutum uku. Laita biyu a wurare daban, da ashana a leda. Kada ka taɓa kunna risho ko gawayi cikin tanti a rufe: iskar da ke kashe mutane idan an kwana da janareta a ɗaki, ita ce dai wannan.

Salla da tsarki?

Sallaya mai kauri nauyi ce, yanki na tamfol ko siririn zani ya isa. Gorar roba da aka huda murfinta tana aikin buta kuma tana tattalin ruwa. Alƙibla daga Legas kusan digiri 63 ce daga arewa, wato gabas mai karkata arewa, daga yankin Gashaka kuma kusan 60. Ƙaramin kamfas na hannu ba ya buƙatar caji. Hukuncin ƙasaru, haɗa salloli da taimama, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka faɗa masa nisan da kwanakin. Bayan gida kuwa, taku 70 nesa da ruwa, a tona rami mai zurfin kamu ɗaya, a rufe.

Me zan zuba a jakar magani, kuma in maciji ya sari mutum fa?

Filasta, bandeji mai naɗi guda biyu, aidin, farasitamol, maganin ƙaiƙayi, ɗan hantsaki na cire kaska da ƙaya, man basilin, da maganin shafawa na sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30. Ƙunshin gishiri da sukari na gudawa aƙalla shida. In sun ƙare: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganin maleriya da duk wanda kake sha kullum, ka yi magana da likita ko mai kemis tun da wuri. Mai sikila ko asma ya sanar da likitansa tsawon tsaunin da zai hau.

Saran kububuwa ko kasa: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a kwantar da mutumin, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Ka san sunan asibitin tun kafin ka shiga daji. Kowace safiya kuma ka kife takalmi ka kakkaɓe, kunama na son ɗuminsa.

Waya, tocila, da abin da ba ya shiga jirgi?

Tocilar goshi da batir na canji, kada ka dogara da ta waya. Sauke taswira a waya tun kana Legas, ka sa ta a yanayin jirgi, domin neman sabis a inda babu shi ne ke cinye caji. Batirin ajiya na caji ɗaya, a leda mai zik. Kuɗi a hannu, ƙananan canji, a raba wuri biyu. Katin shaida a jikinka.

Idan ta jirgi za ka rage hanya, tukunyar gas ba ta shiga ko a kayan hannu ko na ciki. Batirin ajiya a hannu kaɗai ake riƙe shi, wuƙa kuma sai a kayan ciki. Adda ka bar wa ɗan jagora, yana da tasa.

Dole sai da ɗan jagora?

Dole. A Gashaka-Gumti ana fara zuwa ofishin gandun a Serti, a yi rajista, a haɗa ka da ma'aikaci. Dajin Omo ma akwai giwaye a cikinsa, ba wurin kutsawa kai kaɗai ba ne. Ka tambayi halin tsaron hanya a makon tafiyar, ba labarin bara ba, kuma kada ka yi tafiyar dare. Bar wa wani a gida takarda: inda za ka, da wa, lambar ɗan jagora, da ranar da in bai ji ka ba zai fara nema. A ƙauyen da za ka tashi, ka gaida mai gari kafin ka wuce.

Na dawo, yaya zan adana kayan a damshin Legas?

A ranar da ka iso, ko ka gaji, zazzage jakar. Tantin da aka bari a naɗe da jiƙa, cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna, kuma warin da tabon ba sa fita. Shanya shi a inuwa har ɗinkin ya bushe ƙayau. Cire batir daga tocila kafin ya zubo ya ci ƙarfen. Wanke laka daga takalmi, cire shimfiɗar cikinsa, cusa masa tsohuwar jarida, kada ka kanga shi a wuta don gam ɗin na saki. Buhun barci a sake shi cikin babban buhun auduga, ba a matse ba, a saman kabad nesa da bango. Takalmin kuma ka riƙa fito da shi kana takawa ko sau ɗaya a wata. Sannan duk zazzaɓin da ya biyo baya cikin makonnin farko, ka je a gwada jini, ka kuma gaya wa likita dajin da ka shiga.